"NAMU NA" BA TA CIKA RUMBU

Jama'ar Kabi da Gwandu, manoma da masunta da makiyaya, maza da mata. Wanda ya iya karatu muna roƙonsa don Allah ya ɗaga murya ya karanta wa na kusa da shi wannan takarda, a dandali ko a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, sa'an nan ya shiga da ita cikin gida iyayenmu mata su ji. Maganar zaɓen shugaban ƙasa ce, kowa kuwa yana da rabo a cikinta.

Kakar zaɓe ta sake zagayowa, kun kuma san yadda akan yi. Jirgin sama zai sauka a Ambursa, a jero motoci har filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi. A ɗebo samari cikin manyan motoci daga Kalgo da Gwandu da Augie da Kangiwa, a raba huluna da atamfa mai hoton mutum. Ɗan takara zai yi magana ta minti 10, rabinta da Turanci, a ɗaga hannunsa sama, kafin magariba ya koma inda ya fito. Abin da zai bar mana shi ne waƙar da dillalansa za su bi ƙauye ƙauye suna rerawa: "Namu na! Ku zaɓe shi, namu na!" In ka tsai da dillali ka ce, "To malam, mi za ya yi ma shinkafata?" sai ya dafa kafaɗarka ya ce, "Kai dai bari, namu na."

Mu a wannan jam'iyya muna cewa ku yi hattara da wannan waƙa. Mu mutanen gulbin nan mun fi kowa sanin inda take kai mutum, don tun 1979 ake rera mana ita. Waiwaye adon tafiya. Dattawan da suka jefa ƙuri'a a wannan shekara suna nan da ransu, in mun faɗi abin da ba haka ba su tsai da mai karatu.

ZAƁEN 1979

A 1979 sojoji suka mayar da mulki hannun farar hula bayan shekara 13. A lokacin babu Jihar Kebbi, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke ta. Birnin Kebbi da Argungu duk muna cikin Jihar Sakkwato. Jam'iyyu 5 suka tsaya. NPN mai gida da masara ta tsai da Alhaji Shehu Shagari. GNPP mai zakara ta tsai da Alhaji Waziri Ibrahim, mai cewa siyasa ba da gaba ba. PRP mai mabuɗi ta tsai da Malam Aminu Kano. UPN ta tsai da Cif Awolowo, NPP kuwa Dokta Azikiwe. Aka yi ta zaɓe Asabar bayan Asabar tun daga 7 ga Yuli, na shugaban ƙasa ya zo ƙarshe ranar 11 ga Agusta.

Ba a taɓa samun lokacin da "namu na" ta fi zama gaskiya ba kamar wannan shekara. Alhaji Shehu Shagari Turakin Sakkwato ne, ɗan jiharmu, ya kuma yi hedimasta a makarantar firamare ta Argungu a farkon shekarun 1950, har akwai waɗanda suka zauna gabansa cikin aji. Ɗan takarar gwamna kuwa, Alhaji Shehu Kangiwa, sunansa ma ya faɗi garinsu, cikin ƙasar Argungu. Aka ce mana ga shugaban ƙasa na gida, ga gwamna na gida, me kuma ake nema? Jihar Sakkwato ta ba Shagari wajen kashi 2 cikin 3 na ƙuri'unta, mai zakara ya bi baya da kamar rubu'i. Ba mu gindaya wani sharaɗi ba, ba mu karɓi wani alkawari a rubuce ba. Aka rantsar da su ranar 1 ga Oktoba 1979.

Ba a cika wata 7 da rantsuwa ba aka yi abin Bakolori. Ga wanda bai sani ba, Bakolori madatsar ruwa ce kusa da Talata Mafara, a kan gulbin Sakkwato, wanda ke haɗuwa da Rima ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. Gwamnatin soja ce ta ba kamfanin Italiya mai suna Impresit ginin ta, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, dubban iyalai suka tashi. Manoma suka yi ta neman diyyar gonakinsu da itatuwansu, aka yi ta yi musu gobe jibi. Da gwamnatin farar hula ta hau sun ɗauka kukansu ya ƙare, ai nasu ne suka hau. Da suka ga shiru sai suka tare hanyoyin wurin aikin. Ranar 28 ga Afrilu 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma da bindigogi, aka ƙone ƙauyuka, aka harbe mutane. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, wasu masu bincike kuwa sun ƙirga sama da mutum 300. Waɗannan bayin Allah ba baƙi ba ne, 'yan Jihar Sakkwato ne kamar mu.

Mu na ƙasan gulbi namu rabon a hankali ya zo. Da aka tare Bakolori, daga baya aka ƙara da Goronyo a kan Rima, ruwan da ya saba malala cikin fadama kowace damina ya ragu. Shinkafar fadama ta kaka da kakanni ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Ku tambayi tsofaffin masunta na Matan Fada irin abin da homa take ɗaukowa a da. Mabuɗin ruwanmu ya koma hannun ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, watau hannun duk wanda ya zama shugaban ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Sa'an nan ga maganar shinkafa. A 1980 aka yi shelar babban shirin bunƙasa noma, aka ce Nijeriya za ta ci da kanta. Masara tana jikin tuta, amma shinkafar Amurka da ta Tailan ce ta cika tashar jiragen ruwa ta Ikko. Har kwamitin shugaban ƙasa aka kafa don shigo da shinkafa, ƙarƙashin Ministan Sufuri Alhaji Umaru Dikko, takardar izinin shigo da ita kuwa ta zama abin sallamar 'yan jam'iyya. Manomin Argungu da ke tsaye cikin ruwa da lauje ba shi ne ya ci ribar ba. Da kuɗin man fetur ya faɗi, a 1982 aka kawo dokar tsuke bakin aljihu, mutane suka shiga layin sabulu da madara da sukari. Duk da haka a zaɓen 6 ga Agusta 1983 aka sake rera mana tsohuwar waƙa. Aka ce Shagari ya sami ƙuri'a wajen miliyan 12, 'yan hamayya suka ce maguɗi ne. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka komo, ba mu sake ganin shugaban da muka zaɓa a kan kujera ba sai 1999.

Kada wani ya ce mun zagi mamaci. Alhaji Shehu Kangiwa ya rasu a 1981, Alhaji Shehu Shagari ya rasu a 2018, mutane da yawa sun shaida cewa Alhaji Shehu bai tara abin duniya ba. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu. Ai nan ma darasin yake. In har mutumin kirki, na gida, malamin makaranta, zai hau mulki a harbe manoman jiharsa, to zama na gida kaɗai ba ya tsare kowa. Shugaba ba shi kaɗai yake mulki ba, yana da jam'iyya da masu kuɗin da suka ɗauki nauyin takararsa, su kuwa da sharaɗi suke ba da nasu. Wanda ya ba da ƙuri'a kyauta shi ake fara mantawa.

ABIN DA MABUƊI YA BUƊE

Dillalai za su ce muku wanda ya zaɓi ƙaramar jam'iyya ya zubar da ƙuri'arsa a gulbi. To ku ji. A 1979 Malam Aminu Kano na 4 ya zo a zaɓen shugaban ƙasa. Amma talakawan Kano da Kaduna sun ba mabuɗi kujerar gwamna, Alhaji Abubakar Rimi a Kano, Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu suka soke haraji da jangali, abin da talaka ke kuka da shi tun zamanin Turawa, wanda ya sa magidanta sayar da hatsinsu tun kaka, ya sa Fulani gudu da shanu cikin dare. Da sauran jihohin Arewa suka ga haka, dole suka bi, don ba gwamnan da zai iya ci gaba da karɓa maƙwabcinsa ya yafe. Dattijon da ya taɓa ɓuya a rumbu saboda mai karɓar haraji ya san ƙuri'ar nan ba ta faɗa gulbi ba.

Har ila yau ƙuri'ar talakawan Kano ce ta kai zaɓen gaban alƙalai. Doka ta ce ba ya isa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a, sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi 2 cikin 3 na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya sami rubu'i a 12, a Kano kuwa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Sai lauyoyi suka ce kashi 2 cikin 3 na 19 ba 13 ba ne, 12 ne da sulusi 2, suka gutsura Jihar Kano a kan takarda kamar ana rabon gado. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari ranar 26 ga Satumba 1979, saura kwana 5 a rantsar da shi.

Wannan doka tana nan. Yanzu sai mutum ya sami rubu'i a jihohi 24 cikin 36. Abin da ke saukar da jirgi a Ambursa ke nan. Ba zumunci ya kawo su ba, bukata ce. Mai bukata kuwa ana yin ciniki da shi.

WAƘA ƊAYA, SABUWAR RIGA

Samari za su ce wannan labarin kakanni ne. To mu zo kusa. A 2015 an ce mana marigayi Janar Muhammadu Buhari namu na, Jihar Kebbi ta ba shi ƙuri'a fiye da rabin miliyan. Ba ma ɓoye alheri. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 ya zo nan Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Banki. A 2016 aka haɗa hannu da Jihar Legas ana kai shinkafarmu kudu, a 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Noman rani ya bunƙasa, wasu sun yi aure da kuɗin shinkafa, wasu sun sauke farali. Amma ku lura, abin da ya jawo wannan tsari ne na rance da kasuwa, wanda shugaba daga ko'ina zai iya yi in ya ga dama.

A wannan zamani kuma aka yi ta kukan cewa manoman biro sun fi manoman fartanya cin moriyar rancen. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe yara, wasu 'yan matan ba su komo gida ba sai 2023. A farkon 2023 aka canja takardun kuɗi, manomi ya kai buhu kasuwar Jega ya rasa mai ba shi tsaba a hannu. Duk lokacin da muka buɗe baki sai a ce mu yi shiru kada mu kunyata namu. Da baƙo ne ya yi mana haka da mun yi ihu an ji. Hausawa sun ce naka ke ba da kai.

A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 waƙar ta rabu biyu. Masu laima suka ce Alhaji Atiku Abubakar ɗan Arewa ne, naka sai naka. Masu tsintsiya suka ce Alhaji Bola Tinubu da mataimakinsa duk Musulmi ne, su ma namu na. Aka yi ta musu a shago da majalisa kan wa ya fi zama namu, ba a tsaya an tambayi kowa farashin taki ba. Kebbi ta ba Atiku ƙuri'a wajen 285,000, Tinubu wajen 248,000, Tinubu ya ci a ƙasa baki ɗaya. Ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2023, ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Mutumin birni in mai ya yi tsada sai ya ajiye mota. Manomin rani fa? Shinkafar rani da injin ban ruwa take rayuwa, inji kuwa fetur yake sha. In ka ajiye inji kwana kaɗan shuka ta ƙone. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka har watan Maris 2024, kasuwar Kamba ta yi sanyi, alhali kuwa mutanen Gaya da Doso 'yan'uwanmu ne, aure da ciniki sun haɗa mu. A 2024 aka yafe kuɗin fito a kan shinkafar waje na wani lokaci, a 2025 farashin shanshera ya faɗi. Ka sayi mai da tsada, ka sayi taki da tsada, ka sayar da arha. Abin da aka yi wa kakanninku a 1981 shi aka maimaita muku. A watan Nuwamba 2024 kuma Lakurawa suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera cikin ƙasar Augie, mutanen da suka bi sawun shanunsu da aka kora.

INDA MUKA TSAYA

Mu ba mu zo mu ce muku ɗan takararmu naku ne ba. Ba ma so ku zaɓe shi don garinsu, ba ma so ku ƙi wani don garinsu. Abu 4 muka tsaya a kai, dukansu kuwa a hannun shugaban ƙasa suke, ba a hannun kansila ko hakimi ba.

Na farko ruwa. Mun ga ambaliyar 2010 da ruwan Goronyo ya ɓalle, mun ga ta 2020 da ta cinye shinkafar fadama tun daga Argungu har Bagudo ana dab da yanka. Muna cewa a sa wakilan manoma da masunta na ƙasan gulbi cikin masu shawarar buɗe madatsa da rufe ta, a yi shela a rediyo da Hausa kafin a saki ruwa, wanda gonarsa ta nutse a biya shi.

Na biyu mai da taki. Duk gwamnatin da ta cire tallafi ta ce ta sami rara, to ta nuna rabon manomin rani a cikin rarar, ya zo kafin shuka, ya kuma zo hannun mai gona, ba ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa ba.

Na uku farashi. Kada a buɗe wa shinkafar waje ƙofa lokacin da tamu ke masussuka. In mutanen birni na kukan tsadar abinci, gaskiyarsu ce, amma maganin shi ne a rage wa manomi kuɗin noma.

Na huɗu tsaro. Soja da 'yan sanda duk na Gwamnatin Tarayya ne. Gonar da ba a iya zuwa ba gona ba ce, makarantar da uba ke tsoron kai 'yarsa ba makaranta ba ce.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku ku tare shi da waɗannan 4, har da namu mutanen. In wakilinmu ya zo ƙauyenku ya kasa amsawa, ya koma yana ce muku "namu na", kada ku saurare shi. Ku ajiye wannan takarda cikin gafaka, in mun hau mun saɓa ku fito da ita ku karanta mana a gaban jama'a.

GA IYAYENMU MATA DA SAMARI

Iyayenmu mata, a zaɓen 1959 da na 1964 matan Arewa ba su da ƙuri'a. Irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan wannan hakki, sai a 1979 kuka fara zaɓen shugaban ƙasa. Yau ku kuke fara cika layi tun da sassafe, shi ya sa dillalai suka fi bin ku da taliya da sabulu da turmin atamfa. Ku yi lissafi. Taliya kwana nawa take yi a gida? Shugaba shekara 4 yake yi. Ku da kuke turara shinkafa kuna casa kuna kai wa kasuwa, kun fi kowa sanin abin da faɗuwar farashi ke yi wa tukunya.

Samari kuwa, kada a ba ku ƙwaya da gora a ce ku tare wa wani hanya. Wanda za ku fasa wa kai maƙwabcinku ne, gonarku da tasa kunya ɗaya ta raba. Kabawa da Sakkwatawa sun yi shekaru suna yaƙi, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ya zo Argungu aka yi bikin kamun kifi, gaba ta ƙare. In wannan ta mutu, babu gabar jam'iyya da ta isa a zubar da jini a kanta.

Abu na ƙarshe. A 2023 mutum fiye da miliyan 2 suka yi rajista a Jihar Kebbi, waɗanda suka fito ba su kai kashi 1 cikin 3 ba. Waɗanda suka zauna gida suna cewa an riga an rubuta sakamako sun fi ƙuri'un dukan 'yan takara yawa in an haɗa su. Su ma sun sayi mai a naira 1,000 kamar kowa. Saboda haka kowa ya nemo katinsa tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar zaɓe ku fita da wuri. Ku dubi alamarmu da ke bayan wannan takarda, ku nuna wa tsofaffi ita har su gane ta. A dangwala yatsa cikin gida ɗaya tak, kada tawada ta tsallaka layi ƙuri'a ta lalace. In kun jefa kada ku watse, ku koma gefe cikin lumana har a ƙirga a gabanku, a faɗi adadi da ƙarfi, a manna takardar sakamako a bango, wanda ke da waya ya ɗauki hotonta.

Wanda ya gama ji ya miƙa wa na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya tsare mu daga ambaliya da fari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu shugaban da zai ji tsoronsa a kan hakkin talakawa. Amin.